Tambayoyi da amsoshi: daga ina sunayen duwatsun sararin samaniya suka samo asali?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka fara yawo a wayoyi da labarin dutsen sararin samaniyar nan Apophis, wai zai faɗo ma duniya, tambayoyi suke ta zuwa mini, daga ɗaliban lise da 'yan jami'a har da wasu iyayenmu malaman zaure a nan Damagaram, kuma yawanci a kan sunayen ne, wa ya raɗa su, me suke nufi, me ya sa ba a jin namu a ciki. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a wuri ɗaya.

Wai shi asteroyid ɗin ma mene ne tukuna, tauraro ne?

A'a, ba tauraro ba ne. Tauraro wuta ce mai ci da kanta irin rana. Shi asteroyid dutse ne, ko ƙarfe, ko haɗin biyun, yana zagaya rana kamar yadda duniyarmu ke yi, kuma ba ya da hasken kansa sai wanda rana ta haska masa. Mafi yawansu suna nan jibge tsakanin duniyar Mas da Jufita, wadda malaman falaki ke kira Mushtari. Wasu ba su wuce girman ɗaki ba, babban cikinsu kuwa Ceres faɗinsa ya kai wajen kilomita 940, wato ya ɗan zarce tafiyar mota daga Zinder zuwa Yamai. William Herschel ne ya kawo sunan a 1802, ma'anarsa mai kama da tauraro, saboda in ka duba su a madubin hangen nesa ɗigon haske kawai kake gani kamar tauraro, ba faifai irin na sauran duniyoyi ba.

Wanne aka fara ganowa, kuma wa ya raɗa masa suna?

Ceres ne, daren 1 ga Janairu 1801. Wani limamin coci masanin taurari mai suna Giuseppe Piazzi ne ya hango shi a birnin Palermo na tsibirin Sisili a Italiya. Yana cikin aikin jera taurari a littafi sai ya ga wani ɗigo ya gusa daga inda ya bar shi jiya, ya bi shi dare bayan dare har cikin Fabrairu, sai rashin lafiya ta kwantar da shi, kafin labari ya bazu abin ya shige cikin hasken rana ya ɓace ma kowa. Nan ne wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ya ɗauki 'yan alkaluman da Piazzi ya rubuta ya zauna ya lissafa hanyar da dutsen ke bi, ya ce ku duba wuri kaza, aka duba a ƙarshen wannan shekarar aka same shi a wurin. Ni dai duk lokacin da ɗalibi ya ce mini lissafi ba ya da amfani wannan labarin nake ba shi.

Sunan da Piazzi ya sa shi ne Ceres Ferdinandea. Ceres a wurin Romawan dā ita ce abar bautarsu ta noma da hatsi, kuma mutanen Sisili sun ɗauke ta a matsayin mai tsaron tsibirinsu, Ferdinandea kuma don girmama sarki Ferdinand da ke mulkin wurin. Sauran ƙasashen Turai suka ƙi yarda da sunan sarkin wani a sama, aka yanke shi, Ceres ta zauna. Kun ga ke nan tun daga dutse na farko aka fara rigimar siyasa a kan suna.

Me ya sa sai sunayen gumakan Girkawa da Romawa?

Saboda waɗanda suka riƙe madubin hangen nesa a lokacin Turawa ne, kuma karatunsu na lakwal da Latin da Girkanci aka gina shi, tatsuniyoyin nan a bakinsu suke tun suna yara. Ga shi kuma duniyoyin da aka riga aka sani duk da irin waɗannan sunayen suke kiransu, su kuma da farko sun ɗauka sabbin duniyoyi suka gano, sai suka bi sahu.

Na biyu shi ne Pallas, wani likita Heinrich Olbers ya gano shi a Bremen a 1802, laƙabin Athena ce ta Girkawa mai hikima da yaƙi. Na uku Juno a 1804, Karl Harding ya gano shi, ita ce matar Jufita a tatsuniyar Romawa. Na huɗu Vesta a 1807, shi ma Olbers ne, amma ya bar ma Gauss ya zaɓi suna, ya zaɓi Vesta mai kula da murhu da gida, wadda a birnin Rum aka keɓe 'yan mata su riƙa tsaron wutar ɗakin bautarta kar ta mutu dare da rana. Har masu ilimin sinadarai suka ari sunayen, sinadarin cerium daga Ceres ya fito, palladium kuma daga Pallas.

Daga nan sai shiru har shekara 38. Wanda ya karya shirun ba farfesa ba ne, tsohon ma'aikacin gidan waya ne a wani ƙaramin gari, Karl Hencke, ya shekara goma sha biyar yana neman na biyar daga gidansa har ya same shi a Disamba 1845. Aka sa masa Astraea, mai adalci, wadda tatsuniya ta ce ita ce ta ƙarshe da ta bar duniya ta koma sama lokacin da mutane suka lalace.

Malam, faɗar waɗannan sunayen ba matsala a addini kuwa?

Wannan tambayar wani dattijo ne ya aiko ta kuma na ji daɗinta. Fatawa ta malamai ce, su za ku tuntuɓa. Abin da ni zan iya faɗa shi ne yadda abin yake a aikace: masanan da suka raɗa sunayen nan ba bauta ma gumakan suke ba, addinin Romawa da Girkawa na dā ya daɗe da mutuwa kafin su, Piazzi ma kun ji limamin coci ne. Suna ne na shaida, don in an ce Vesta a Japan a gane dutse ɗaya ake nufi da na Faransa. Haka muke cewa watan Janairu da watan Maris kullum a takardunmu, alhali daga Janus da Mars na Romawa aka samo su. Kuma kowane dutse yana da lambarsa, Ceres 1, Pallas 2, Juno 3, Vesta 4, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da sunan ba yana iya kiran lambar.

Na lura duk mata ne, da gangan ne?

Da gangan ne, al'ada ce da ta kafu tun daga huɗun farko, kuma ta yi ƙarfi har in ana son a girmama namiji sai a juya sunansa ya koma na mace. Dutse na 54 da aka gano a 1858 an sa masa Alexandra ne don Alexander von Humboldt, masanin nan matafiyi. Sai a 1898 da Gustav Witt ya gano wani a Balin wanda hanyarsa ta saɓa da ta sauran, yana fitowa daga cikin jerin yana matsowa kusa da duniyarmu, aka sa masa sunan namiji, Eros, na soyayya a wurin Girkawa. Daga nan aka ɗan yi wata al'ada, masu hanya ta daban su samu sunan maza. Yau babu wannan dokar.

Yaushe aka fara sa sunayen mutane na gaske da garuruwa?

A hankali abin ya shigo, da gardama. A 1850 John Russell Hind ya gano na 12 a Landan ya sa masa Victoria, a daidai lokacin da sarauniya Victoria ke kan gadon Ingila. Amurkawa suka ce ba su yarda ba, ai fadanci ne, shi kuma ya ce a'a Victoria ta Romawa yake nufi mai ba da nasara, wata mujallar Amurka ta daɗe tana kiran dutsen da wani suna daban kafin a haƙura. A 1852 na 20 ya samu sunan Massalia, tsohon sunan birnin Marsei na Faransa, shi ne na farko da ba daga tatsuniya ya fito ba. A 1857 kuma na 45 aka sa masa Eugenia don matar Napoleon na uku, a fili ba wani ɓoye-ɓoye.

Abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne yawa. Johann Palisa shi kaɗai da idonsa ya gano 122, yawancinsu a Biyana. A 1891 Max Wolf a Heidelberg ya fara amfani da hoto, a bar kyamara a buɗe na awoyi tana bin taurari, taurari su fito ɗigo-ɗigo, dutse mai tafiya ya bar ɗan layi, sai aka koma gano su da ɗaruruwa, gumakan Girkawa kuwa ba su da yawan haka. Na farko da Wolf ya kama da hoto ya sa masa Brucia, don wata baiwar Allah 'yar Amurka Catherine Bruce da ta ba da kuɗin sayen madubi. Daga nan mata da 'ya'ya, da abokai, da jami'o'i, da garuruwan haihuwa duk suka hau sama. Palisa ma ya taɓa tallata sayar da damar raɗa suna a kan fam 50 don ya samu kuɗin tafiya kallon kusufin rana, wani attajiri na gidan Rothschild ya saya ya sa sunan matarsa, shi ne 250 Bettina.

Na ji ana cewa akwai sansanin Girkawa da sansanin Turoyi a sama, mene ne wannan?

To nan ne wurin da ya fi burge ni a duk maganar nan, ku ɗan yi haƙuri da ni in tsawaita.

Tun 1772 masanin lissafi Lagrange ya nuna a takarda cewa in ƙaramin abu ya tsaya a kan hanyar babbar duniya, digiri 60 a gabanta ko digiri 60 a bayanta, jan rana da jan duniyar za su riƙe shi a nan ya yi ta tafiya tare da ita ba ya cim mata ba ta cim masa. Sama da shekara ɗari da talatin lissafi ne kawai babu wanda ya ga ko ɗaya, sai a 1906 Max Wolf ya gano dutse a gaban Jufita daidai wurin da aka faɗa. Palisa ya ba da shawara a riƙa sa musu sunayen jaruman yaƙin Turoyi, na farko aka sa masa Achilles.

Yaƙin Turoyi tsohuwar ƙissar Girkawa ce. Ɗan sarkin Turoyi, Paris, ya gudu da Helen matar wani sarkin Girkawa, Girkawa suka haɗa jiragen ruwa suka yi ma birnin ƙawanya shekara goma, daga ƙarshe suka ci shi da dabarar dokin katako da suka ɓoye mayaƙa a cikinsa. Kufan birnin yana ƙasar Turkiyya ta yau. Da duwatsun suka ƙaru sai aka tsara abin, na gaban Jufita su ɗauki sunayen Girkawa, Agamemnon, Odysseus, Nestor, na bayanta su ɗauki na mutanen Turoyi, sarki Priam da Aeneas da sauransu, Jufita na tsakiya ta raba faɗa.

Amma kafin a tsai da wannan tsarin an riga an raɗa ma biyu suna a inda ba nasu ba. Patroclus, aminin Achilles, Bagirke ne amma yana cikin sansanin Turoyi, Hektor kuma babban jarumin Turoyi yana zaune a tsakiyar Girkawa, shi ya sa masana ke ce musu 'yan leƙen asiri. Wanda ya san ƙissar zai ga nauyin abin, domin Hektor ne ya kashe Patroclus, Achilles kuma ya kashe Hektor don ramuwar amininsa, ga shi yanzu Achilles da Hektor suna tafiya a ayari ɗaya amininsa kuma yana can bayan Jufita cikin abokan gaba. Kumbon Lucy na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, da aka harba a Oktoba 2021 waɗannan duwatsun zai ziyarta, Patroclus ne zangonsa na ƙarshe a 2033.

Shin ma'anar sunan tana da alaƙa da halin dutsen, ko dai kawai ake sawa?

Da yawa kawai ne, amma akwai waɗanda aka yi tunani sosai a kansu. Icarus da aka gano a 1949, a tatsuniya yaro ne da ubansa ya haɗa masa fikafikai da gashin tsuntsu da kakin zuma ya gargaɗe shi kar ya yi sama da yawa, ya ƙi ji, rana ta narkar da kakin ya faɗa teku. Dutsen da ke ɗauke da sunan yana kusantar rana fiye da duniyar Makyuri. Phaethon da aka gano a 1983 ya ma fi shi kusantarta, shi kuma a ƙissa ɗan mai jan keken rana ne, ya roƙi ubansa ya ba shi linzami na yini ɗaya, dawakai suka fi ƙarfinsa keken ya sauko ya babbake ƙasa, Girkawa ma cewa suke a ranar ne arewacin Afirka ya zama hamada. Ƙurar da wannan dutsen ke zubarwa ita ce ruwan taurarin da ke zuba a daren 13 zuwa 14 ga Disamba, in hazo bai rufe sama ba ana ganinsu sosai in an fita bayan gari ta hanyar Mirriya ko ta Tanut inda babu fitilu.

Ryugu na Japan shi ma da hikima aka zaɓe shi. A tatsuniyarsu fada ce a ƙarƙashin teku, wani masunci ya je ya dawo da akwati a rufe, kumbon Hayabusa2 shi ma ya je dutsen ya dawo da ƙasarsa cikin akwati a rufe a Disamba 2020. Bennu kuwa tsuntsu ne a addinin Misirawan dā, wani yaro ɗan shekara 9 a Amurka ne ya ci gasar zaɓen sunan a 2013, kuma a Satumba 2023 aka sauko da samfurin ƙasarsa.

To shi Apophis fa, gaskiya ne zai faɗo mana?

Ba zai faɗo ba, masana sun tabbatar da haka a 2021 bayan sun auna shi da na'urar rada, sun cire shi daga jerin haɗari na aƙalla shekara ɗari. An gano shi a Yuni 2004, faɗinsa wajen mita 340, kuma a farkon lissafi an ɗan tsorata, a cikin wannan yanayin aka ba shi sunan Apep, macijin duhu na Misirawan dā wanda suke cewa kowane dare yana ƙoƙarin haɗiye rana, Girkawa ke kiransa Apophis. Abin da zai faru ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 shi ne zai wuce mu da nisan kusan kilomita 32,000, ƙasa da inda tauraron ɗan'adam na talabijin ke tsayawa, kuma Afirka na cikin wuraren da za a gan shi da ido ba madubi, in Allah ya kai mu. Don Allah a daina tura saƙonnin tashin duniya ga tsofaffi, ana tayar musu da hankali a banza.

Me ake nufi da irin 2004 MN4 da nake gani a labarai?

Sunan wucin gadi ne, shi ne ma na Apophis kafin a raɗa masa suna. 2004 shekarar ganowa ce. Harafin farko yana nuna rabin wata, A daga 1 zuwa 15 ga Janairu, B sauran Janairu, haka har Y a ƙarshen Disamba, ana tsallake harafin I, M ta faɗa a rabi na biyu na Yuni. Harafi na biyu da lambar da ke biye suna nuna na nawa ne a wannan rabin watan. Sai an bi dutsen shekaru an tabbatar da hanyarsa sannan a ba shi lamba ta dindindin, ta Apophis 99942, bayan nan ne ake maganar suna. An san duwatsu sama da miliyan ɗaya, masu suna kuwa dubu ashirin da 'yan kai ne kawai.

Wa ke da ikon raɗa suna yanzu, ana iya saye?

Ba a saye, zamanin Palisa ya wuce. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi a sa sunanku ko na masoyiyarku a tauraro ko dutse, takarda kawai zai ba ku wadda babu masanin da ya san da ita. Ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, da aka kafa a 1919, ita ke da kwamitin da ke amincewa da suna. Wanda ya gano dutsen yana da shekara goma bayan an ba shi lamba ya kawo shawarar suna tare da ɗan bayanin dalili. Kar ya wuce harafi 16, ya zama ana iya furta shi, ba zagi, ba tallar kamfani, kar ya yi kama da wanda ake da shi. Ɗan siyasa ko jagoran yaƙi sai ya shekara ɗari da mutuwa, wannan dokar ni ina ganin hikimarta ƙwarai, da babu ita da kowane mai mulki ya rataya sunansa a sama. Sunan dabbar gida ma ba a so, tun bayan da wani masani ya sa ma dutse na 2309 sunan kyanwarsa aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Akwai sunayen Afirka ko na malaman Musulunci a ciki?

Akwai, ko da yake ba su kai yadda ya kamata ba. A shekarun 1930 Cyril Jackson da ke aiki a Johannesburg ya raɗa Africa, Kenya, Uganda, Ethiopia da wasu. A ɓangaren malamai akwai dutse mai sunan Ibn al-Haisam mai ilimin gani da haske, lambarsa 59239, akwai na al-Khwarizmi wanda daga littafinsa aljabara ta samo suna, da al-Biruni, da Ibn Sina, da Ibn Rushd, da Umar Khayyam, da as-Sufi mai littafin taurari. A 2015 aka sa ma wani sunan Malala Yousafzai.

Biyu ne suka fi taɓa ni. Na farko Dinkinesh, ɗan ƙaramin dutsen da kumbon Lucy ya wuce ta gefensa ranar 1 ga Nuwamba 2023, suna ne na Amharanci da Habashawa ke kiran tsohon ƙwarangwal ɗin nan da aka tono a ƙasarsu a 1974, wanda Turawa ke kira Lucy, da kumbon ya isa sai aka tarar dutsen yana da ɗan wata mai zagaya shi, aka sa masa Selam, shi ma sunan ƙwarangwal ɗin wata yarinya ce da aka samu a Habasha. Na biyu Maramkaire, lamba 35462, da aka raɗa a 2021 don Maram Kaire ɗan Senegal, mutum mai rai, baƙar fata ɗan yankinmu, wanda ya jagoranci aikin auna duwatsun sama daga ƙasar Senegal tare da NASA. Dare ya yi ta kwana a fili da madubi shi da matasan da ya horar har duniya ta san da su.

An ce akwai dutsen sama mai suna Zinder, gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma a bambanta. Wanda ke can sama yana zagaya rana shi ne asteroyid, guntun da ya ratso iska ya faɗo ƙasa kuma dokar sunansa daban ce, ana kiransa da sunan wurin da aka tsince shi. A 1999 an samu wani ɗan guntu mai nauyin giram 46 kacal a yankin nan, a littattafan masana sunansa Zinder, kuma irinsa ba ya da yawa a duniya, ƙarfe ne da ƙwayoyin dutse masu ɗaukar ido a cikinsa. Ana kiran wannan jinsin pallasite, kuma kar sunan ya ruɗe ku, ba daga dutsen Pallas ba ne, daga wani masani Bajamushe Peter Pallas ne da ya yi nazarin irinsa a Sibiriya. Haka Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina a Oktoba 1962, wanda aka tabbatar daga duniyar Mas ya fito.

Kuma kun ji labarin wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, mai nauyin kusan kilo 25, shi ma daga Mas, aka yi gwanjonsa a Niyok a Yuli 2025 a kan sama da dala miliyan 5, har gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasa. Shi ko sunan garinmu bai samu ba, NWA 16788 ake kiransa, wato arewa maso yammacin Afirka da lamba. Wannan abin yana mini ciwo, hamadarmu cike take da irin waɗannan duwatsun, ana kwashe su a kan kuɗi kaɗan, ɗalibanmu na kimiyyar ƙasa kuma sai dai su gan su a hoto.

Mu a nan za mu iya gano dutse har mu raɗa masa suna?

Ana iyawa, kuma ba sai da babban madubi ba. Akwai wani shiri mai suna IASC da ke da cibiya a wata jami'a a Texas, suna raba ma ƙungiyoyin ɗalibai a ƙasashe daban-daban hotunan da madubin Pan-STARRS na Hawai ya ɗauka, kyauta. Hotuna ne na wuri ɗaya a sama da aka ɗauka da ratar mintoci, a sa su a wata manhaja mai suna Astrometrica tana sauya su ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka zuba ido ka nemi ɗigon da ke motsi, aikin da Piazzi ya yi ke nan sai dai a kan allon kwamfuta. Abin da ake buƙata kwamfuta ce, da rezo mai ɗan dama, da malami ɗaya mai himma da zai tsaya ma ƙungiyar, ina ganin jami'ar André Salifou ko lise Amadu Kuran Daga ba za su rasa wannan ba.

Sai dai a sani ana jira. Yawancin abin da za ku gani an riga an san shi, wanda ya zama sabo kuma sai wasu madubai sun sake ganinsa, ya samu sunan wucin gadi, a bi shi shekaru kafin lamba ta fito, wanda ya fara yana ajin ƙarshe na lise zai iya gama jami'a kafin a ce ya kawo suna. In ranar ta zo, muna da abin sawa. Kakanninmu sun daɗe da raɗa ma sama suna, Zara matar wata, Gamzaki, Kaza da 'ya'yanta. Damagaram harafi tara ne, ya shiga cikin doka. Daurama da Bayajida suna cikin irin sunayen tarihi da almara da kwamitin ke karɓa daga kowace al'umma. Ko sarki Tanimun da ya gina ganuwar Birni, tunda ya rasu a 1884, sharaɗin shekara ɗari ya riga ya cika a kansa.